Mayafin da Bluma Ta Saya wa Yayana

Duk wadda ta hau benen mata a majami'armu ta Yahudawa a birnin Winnipeg ranar Asabar ta leƙa ƙasa, bayan maza kawai za ta gani, fari fat, kowa ya yafa talis ɗinsa, mayafin ulun nan da ake addu'a da shi. Samari ne kaɗai babu mayafi a kafaɗarsu. Su da wani mutum mai furfura da baƙar kwat a sahu na uku, kusa da bututun ɗumama ɗaki. Wannan yayana ne, Getzel Kushnir.

A wajenmu namiji ba ya yafa talis sai ya yi aure, kuma amarya ce take saya masa. Haka muka taso muka tarar. Malamin majami'armu ya sha jan Getzel gefe ya gaya masa cewa wanda ya kai shekarunsa ya shiga kanti ya sayi abinsa, babu laifi. Getzel ya ce Baba bai saya wa kansa ba, Mama ce ta saya masa, don haka shi ma zai jira. Wai jira! Mutum yana da shekara sittin da shida yana jira. Idan an kira shi karatun Attaura, sai ya taɓa kafaɗar na kusa da shi ya ari nasa, ya hau ya sauko, ya mayar tun ɗumin jikin mai shi bai huce ba. Tsofaffin sahun nan kuwa ba sa raga masa. Wani ya ce a ba yaron hanya ya wuce, wani ya tambaye shi yaushe zai girma. Shi dai murmushi. Ni ce a sama nake cika ina batsewa.

Ni Tzipa, ni ce autarmu, kuma ni na fi kowa shan haushin Getzel domin ni na fi kowa son sa. Baba ya rasu yana da shekara sha tara, ya bar masa motar rabon burodi da Mama da mu mata uku. Da motar nan ya ciyar da mu, da ita ya aurar da mu ɗaya bayan ɗaya. Babu ƙofar bayan wani kanti a titin Selkirk da bai san yadda ake tura ta da gwiwa ba, babu karen unguwa da bai san sautin motarsa ba, domin kullum yana da guntun burodi a aljihu. Sai Mama ta kwanta, ta daɗe ba ta tashi ba, shi ya yi jinyarta har Allah ya karɓi abinsa. Lokacin ya doshi hamsin. Muka ce to Yaya, yanzu kuma mene ne uzurin? Babu wani uzuri, kunya ce kawai. Mutumin da zai tsaya cikin sanyin da ke daskarar da gashin hanci yana lallashin injin mota yana ce mata 'yar albarka, amma mace ta ce masa sannu, sai kunnuwansa su yi ja ya kama kallon takalminsa.

Kada a ce ban yi ƙoƙari ba. Na taɓa gayyato wata malamar makaranta daga Saskatoon, mace mai hankali, na dafa kaza, na zaunar da su gefe ɗaya. Ana cikin cin abinci Getzel ya ji famfon kicin ɗina yana ɗiga. Ya tashi ya shige ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ƙafafunsa kawai muke gani har baƙuwa ta yi sallama. Famfon dai bai ƙara ɗiga ba. Ita kuma ta auri wani likitan haƙori.

Bluma Zipursky ƙawata ce tun muna 'yan mata a masana'antar ɗinka kwat, ita tana huda ramin maɓalli, ni ina haɗa hannun riga. Muryarta tana tsallake titi. Tana shan sigari, tana cuta a karta, idan an kama ta ta yi dariya har da hawaye. Da mijinta Leibush mahauci ya rasu, Getzel ya fara ajiye mata burodin Asabar mai kitso a bakin ƙofa kowace Juma'a. Ba wanda ya sa shi. Idan ƙanƙara ta zuba, kafin ta farka ya share mata hanya. Daga baya ta fara tare shi ta ce ya shigo ya sha shayi, sai ya shigo, amma a tsaye zai sha, kwat a jiki, hula a ka, kamar wanda ya bar tukunya a wuta. Ta ja masa kujera ta gaji. Ba ta kiran sunansa, yayan Tzipa take ce masa, shi kuma matar Leibush. Haka suka yi ta yi shekara da shekaru. Duk unguwa ta gane abin da ke nan, ban da wanda ya kamata ya buɗe baki.

A farkon shekarun 1980 ne, wata Talata cikin hunturu, ya yanke jiki ya faɗi a bayan wani kanti da farantin burodi a hannu. Zuciya ce. Aka yi masa aiki, aka kwantar da shi a ɗakin da iyali kaɗai ake bari su shiga. Tare muka je da Bluma, ko gashinta ba ta gyara ba. Ma'aikaciyar jinya ta dube ni na ce ƙanwarsa ce, ta ce in wuce. Ta dubi Bluma ta tambaye ta ita wace ce a wajensa.

“Yana kawo mini burodi,” in ji ta.

A kan benci ta wuni, jakarta a cinya. Da na fito na ga ko sigari ba ta fita ta sha ba. Na tausaya mata sosai. A motar haya muna komawa, sai da muka kusa sauka ta ce mini ba za ta sake zama a bencin nan ba. Ta ce idan aka bar yayana, zai yi ta shan shayi a tsaye har ranar da za a fitar da ɗayansu a kwance. Tunda bakinsa ya mutu, ita za ta saya masa talis, shi ke nan ta yi magana.

Na ce mata ta yi a hankali. Ni na san yayana. Idan ya ƙi, ko kunya ta sa ya kasa amsawa, ba zai sake iya bi ta ƙofarta ba har abada, zai riƙa zagayawa ta wani titi. Burodin Juma'a ya ƙare ke nan, shayin a tsaye ma ya ƙare, kuma ɗan wannan shi ne abin da ya rage mata na daɗi a mako. Ta ce ta sani. Ta ce in ɗauko mata kwat ɗinsa, wadda asibiti suka ba ni in ajiye.

Akwai talis a kantin littattafan addini, an jera su cikin leda, duk iri ɗaya. Bluma ta ce mutumin da ya yi jira irin wannan ba za a ba shi na cikin leda ba. Sai muka tsallaka kogi wajen wata masaƙiya, Henya Dorfman, wadda take saƙa da hannu a ɗakin ƙarƙashin gidanta. Doguwa ce siririya, tabarau rataye a wuya, ba ta da yawan fara'a. Masaƙarta ta katako ta cinye rabin ɗakin, ko'ina ƙanshin ulu. Ta tambayi tsayin ango. Bluma ta zaro baƙar kwat daga jaka ta shimfiɗa a kan tebur, gwiwar hannun duk ta koɗe, garin burodi a bakin aljihu. Henya ta dubi kwat, ta dube mu, ta ce wannan ai ba ta yaro ba ce. Bluma ta ce ita ma amaryar ba yarinya ba ce, a auna kawai.

Nan aka shiga zaɓe. Henya ta fito da zare shuɗi da na ruwan zinariya, ta ce yanzu su ake yayi. Na ce Getzel zai gwammace ya nutse cikin ƙasa da ya shiga majami'a da ruwan zinariya a baya. Fari za a yi masa da baƙin ratsi, irin na Baba, babba wanda zai rufe shi har ƙwauri. Bluma ta murza ulu kala-kala tsakanin yatsunta, mace ce da ta ƙare rayuwarta a cikin yadi, ta ture wannan ta ce zai yi masa ƙaiƙayi a wuya, ta ture wancan ta ce ya yi nauyi ga mai ciwon zuciya. Ta sa Henya ta tabbatar mata babu ko silin lilin a ciki, har a zaren ɗinkin wuya, domin ba ma haɗa shi da ulu. Henya ta ɗan ji haushi, ta ce ba yau ta fara ba. Da ta faɗi kuɗin na ga sun yi yawa, amma Bluma, wadda take ciniki a kan albasa guda, ko tayi ba ta yi ba.

Henya ta ce sai a gaya mata ranar biki don ta san yadda za ta yi sauri. Na dubi Bluma. Ta gyara zaman jakarta ta ce ba a sa rana ba tukuna, domin ango bai sani ba. Henya ta cire tabarau ta daɗe tana kallon ta. Na zaci korar mu za ta yi. Sai ta ce in dai haka ne za ta ajiye aikin da ke kan masaƙa ta fara namu.

Mun koma sau da yawa. Bluma ba ta iya haƙuri, kullum sai ta ja ni mu je mu ga inda aka kai. Wata rana Henya ta tashi daga kujerarta ta ce mata ta zauna ta jefa ƙoshiya da hannunta, ko layi biyu ne. Bluma ta zauna, ta taka, ta jefa, layin ya fito a karkace. Ta ce a warware. Henya ta ce a'a, a bar shi. Da aka gama, mijin Henya ya zauna ya ƙulla tuntaye huɗun nan na kusurwoyi, yana faɗin niyya da ƙarfi kafin kowanne, mu kuma muna tsaye muna kallo. Bluma ta fita waje ta ce sigari za ta sha, amma da na bi ta hanci take sharewa.

Duk wannan lokacin Getzel yana gidana yana murmurewa, a ɗakin da ɗana ya bari. Ya rame, wandonsa yana zamewa, an hana shi gishiri, an hana shi tuƙi. Yakan zauna bakin taga yana kallon wani yana raba burodi a titinsa. Mu kuwa da Bluma kullum muna kicin muna ƙus-ƙus, da ya leƙo sai mu yi tsit, ta juya baya tana goge ido, ni in kama wanke kofin da na riga na wanke. Ya tambaye mu ina muke zuwa haka kullum, na ce masa harkar mata ce. Ko kusa ban yi tunanin yadda abin yake a idonsa ba.

Wata Lahadi da rana muka sa za a miƙa masa. Na dafa shayi, na yanka kek ɗin zuma, na kira shi tebur. Bluma ta zo da rigar da take sawa a bukukuwa, ta yi kitso, ta haddace jawabin da za ta yi tun a hanya. Tana ganin sa ya zauna jawabi ya gudu. Ta tura masa ƙunshin kawai ta ce ya buɗe.

Ya kwance igiyar a hankali, bai yanke ba, Getzel ba ya yanke igiya. Ya buɗe takardar. Ya ɗora tafin hannunsa a kan ulun, ya shafa baƙin ratsin, ya ɗago tuntu ɗaya ya duba ƙullin. Ina jiran kunnuwansa su yi ja. Ba su yi ba. Jini ne ma ya bar fuskarsa. Ya ninke mayafin da kyau, ya gyara zama, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya da wata irin nutsuwa.

“Kun kyauta mini,” ya ce. “Dama abin yana damuna, kada a rufe ni da na aro. Tzipa, ki gaya mini gaskiya, na iya ɗauka. Wata nawa likita ya ce?”

Sai a lokacin na gane. Namiji a cikinmu idan ya mutu, da talis ɗinsa ake naɗe shi a kan likkafani, bayan an yanke tuntu ɗaya. Ga tsohon tuzuru da aka tsaga wa ƙirji, ga mata biyu suna raɗa suna kuka a kicin suna fita ba sa faɗin inda za su, yau kuma an yi kwalliya an zaunar da shi an miƙa masa talis. Bawan Allah ya yi makonni yana zaton mutuwarsa muke ɓoye masa, bai ce da kowa komai ba don kada ya tayar mana da hankali. Na rasa dariya zan yi ko kuka.

Bluma ba ta rasa ba. Ta miƙe tsaye har kujera ta faɗi. Ta ce masa ya ƙirga tuntayen nan, huɗu ne cif, babu wanda aka yanke, kuma duk wanda ya kusanto su da almakashi sai ta karya masa hannu. Ta ce ita ta yi masa kama da masu wankan gawa ne? Da wannan rigar? Ta ce shi da ya fi kowa riƙon al'ada, shi da ya hana kansa mayafi shekara arba'in da ɗoriya saboda al'ada, ya gaya mata wace mace ce take saya wa namiji talis yana da ransa. A nan ta kira shi da sunansa, Getzel, karon farko da na ji.

To fa, sai ga kunnuwan. Suka yi ja har wuya. Ya dubi takalminsa, ya dubi mayafin, ya dubi ƙofa, na ce a raina shi ke nan, yanzu zai ce ya ji famfo yana ɗiga. Na ɗaga kujerar Bluma na zaunar da ita.

Da ya yi magana, a hankali ya yi, bai ɗago ba. Ya ce ta riga ta binne miji ɗaya. Ya ce zuciyarsa faci ce, likita bai ba shi tabbacin komai ba, kuma ba ya so ta sayi mayafin ango bana, baɗi ta miƙa shi a yanke masa tuntu. Ya ce ba adalci ba ne a gare ta.

“Na sani,” in ji Bluma, muryarta ta sauka. “Mayafin ɗaya ne, na san ƙarshensa tun kafin in saya. Ni dai so nake ya tsufa a kafaɗarka kafin nan.”

Getzel ya mayar da takardar ya rufe mayafin, ya ɗaure igiyar yadda ya same ta. Sannan ya tura ƙunshin a kan tebur ya mayar gabanta. Bluma ta runtse ido. Ni kuwa na riga na buɗe baki zan wanke shi tas, yaya ko ba yaya ba.

“Ba a yafawa kafin aure,” ya ce. “Ki ajiye a wajenki, Bluma. Amma ki yi wa malam magana, kada ya wuce watan nan.”

Ya ɗauki shayinsa zai sha. Bluma ta ce masa shayin ya huce, ta ƙwace kofin ta shige kicin, muna jin ta tana fyace hanci tana zagin butar shayina wai ba ta da sauri.

A falona aka ɗaura auren, kafin ƙanƙara ta narke. Tsofaffin sahu na uku suka zo gaba ɗaya, suka cinye mini kifi, suka ce yaro ya girma. Ya koma gidanta da akwati ɗaya. Ta daina sigari saboda zuciyarsa, ta yi ta mita a kai har ƙarshen ranta. Karta dai ba ta daina cuta ba, shi ma yana gani yana yi kamar bai gani ba. Kowace safiya yakan tafi majami'a a ƙafa, jakar talis a hammata, ko ana zuba ƙanƙara, tana bin sa da ihu daga taga ya rufe wuyansa.

Shekara tara suka samu. Ya rasu a gida, da rana, bayan ya ci abinci. Da masu suturta mamaci suka zo karɓar talis, Bluma ta ɗauko shi daga jakarsa ta warware a hannunta. Farin ya koma ruwan madara, gefen da yake kamawa ya yi laushi har ana ganin haske ta ciki, wuyan kuwa ta yi masa faci ta sake yi a kan facin. Ɗayansu ya juya shi, ya tambaya cikin ladabi ko akwai wani da ya fi wannan kyau a gidan.

“Shi ke nan gare shi,” ta ce. “Ya tsufa. Haka muka yi da shi.”

Ta ninke da kanta ta miƙa musu, ta koma ta zauna kusa da ni.